Ka Nemi Gida Kusa da Mutanen Maryamu

Yelwa, ƙasar Yauri,
Jihar Kebbi.
Ranar Asabar da hantsi.

Zuwa ga ɗana Haliru,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da sa albarka gare ka, da ɗiyata Maryamu, da amaryata Hannatu, da ɗan ƙwacen nan Dauda wanda ya tafi da hulata har yau bai maido ba. Ina fata takardar nan ta same ku lafiya kamar yadda ta baro mu. Allah Ya tsare ku a hanya, Ya sauke jirginku lafiya a Ingila, Ya haɗa ku da mutanen kirki, Ya sa aikin asibitin da ya kira ka ya zama alheri gare ka da marasa lafiyar da za ka taɓa. Amin.

Ba zan cika ka da labarin gari ba, ka gan mu makon jiya, kuma Yelwa ba ta sake ba. Ka yi haƙuri da rubutun, na yaƙi da jahilci ne, ko da yake an ce naku na likitoci ya fi shi muni. Zan ba direban motar Birnin Kebbi don ta riske ka kafin ka aika wa mutanen can amsa a kan gida.

Maganar gidan ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ranar da kuka zo sallama ka baje mana hotuna biyu a kan tabarma. Ɗaya gida ne babba a bayan gari, ga fili, ga ciyawa, ga asibitinka kusa. Ɗayan ƙarami ne, manne da na maƙwabta, a unguwar da Yahudawa ke zaune, inda akwai wurin ibadarsu. Ka yi ta yabon babban kamar dillali, ka ce yara za su sami wurin guje-guje, ka ce iska, ka ce shiru. Kifi na ganinka, mai jar koma. Na san ka riga ka zaɓa tun kafin ka tambaye mu. Amma ni ba hoton nake kallo ba, matarka nake kallo. Ta ɗauki hoton ƙaramin gidan ta daɗe tana dubawa, sannan ta ajiye shi a ƙarƙashin ɗayan, ta ce duk wanda ka zaɓa ya yi. Na san wannan maganar, an taɓa faɗa mini ita. Ban iya buɗe baki a gaban suruka ba, shi ya sa na bari sai a takarda.

Bari in fara da abin da ba ka sani ba. Lokacin da ka rubuto daga wurin karatu cewa za ka auri Bayahudiya, ban ci abinci ba ranar. Ni a duniya ban taɓa ganin Bayahude ba, abin da na sani kawai shi ne yadda ake jefa sunan a kasuwa in ana son zagin mutum. Na ɗauki takardar na tafi wurin Liman da fushina, na zauna na zayyana masa. Ya bari sai da na gama, ya ce, "Malam Garba, ita uwar yaron, a wane masallaci kac cim mata?" Ya ƙara da cewa, "Kai ka ɗauko ɗiyar Kambari mai zuwa coci, ka aje ta cikin gida, ta haihwa maka likita. Shi ya tahi nesa ya ɗauko wata ma'abociyar Littahi. Mi ya yi wanda bai gani gida ba? Tashi ka tahi ka ci tuwo." Na dawo ina jin kunya, na tarar Innarka ta riga ta fara tanadin zannuwan amarya.

Ga shi Maryamu ta biyo ka har ƙasarmu, ta zauna Sakkwato, da aka yanke mana Kebbi ta bi ka Birnin Kebbi, ta koyi durƙusawa ta gaishe ni, ta koyi Hausa har tana ciniki da masu kifi suna kuka da ita. To abin da na koya shi ne kada ka yanke wa mutum hukunci da sunan da aka kira shi. Kai ma za ka je inda wasu ba su san Musulmi ba sai a bakin mutane. Ka yi musu haƙurin da matarka ta yi mini.

Kuskurena na biyu kai shaida ne, amma ka yi dariya ne kawai, ba ka ɗauki darasin ba. Zuwanta na farko Yelwa na ce sai na nuna wa baƙuwa cewa gidan mai kifi ta shigo. Na zagaya bakin ruwa da kaina, na zaɓi tarwaɗa wadda ko a bikin 'yar'uwarka ban sayi irinta ba, aka yi farfesu har maƙwabta na leƙe. Aka kai mata, ta yi godiya, ta ci shinkafa gaya, ba ta taɓa kifin ba. Washegari Asabar na sa aka wanke jirgina mai inji, aka shimfiɗa sabuwar tabarma, don in kai ta ta ga inda tsibirinmu yake kwance a ƙarƙashin ruwan Kainji. Ta sake yin godiya, ta ce a bari sai gobe. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na shiga wurin Innarka na ce yarinyar nan raina mu ta yi, ƙyamar abincinmu take, tsoron jirginmu take.

Innarka tana tsince shinkafa, ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Malam, ka tambaye ta?" Na ce mene ne abin tambaya. Ta ce, "Ni na tambaya. Su ba su cin kihin da ba shi da ɓawo ga jiki. Kawo mata karhwasa ko giwan ruwa ka gani. Kuma ran Asabar ba su hawan komi, ba mota ba jirgi, ba su hura wuta, inda duk za su tahi sai da ƙahwa. Ranar hutunsu ce. Kai in anka ba ka nama da rana cikin azumi, ci kakai don kar mai gida ya ji haushi?"

Ran Lahadi aka gasa karfasa, ta cinye har tana tsotsar ƙaya, muka shiga jirgi ta yi ta tambayata sunayen tsibiran da suka nutse. Tun daga ranar nake ware mata kifinta daban.

Yanzu ka dubi wannan da hotunanka. Mace ce da ba ta hawa mota ran Asabar, kuma ran Asabar ne mutanenta ke taruwa. In ka ajiye ta a bayan gari, ka raba ta da su ke nan, ko da kana ganin hasken unguwarsu daga taga. Kai kuwa ran Juma'a ba abin da ya hana ka hawa bas ko jirgin ƙasa ka je masallaci, kuma asibiti kullum a mota za ka je. Tsakanin mutum biyu, wanda zai iya hawa abin hawa shi ya kamata ya ɗauki nisa. Wannan ba ya bukatar karatun likita.

Sai babban kuskuren, wanda don shi na zauna rubutu. Kana yaro lokacin, haƙoranka na gaba sun zube, ba lalle ka riƙe komai ba sai wasan bakin ruwa.

Kafin a datse Kwara a Kainji muna zaune a tsibiri. Innarka ita kaɗai ce Kirista a gidanmu, amma a gaɓar da ke fuskantarmu akwai gwaggonta da wasu 'yan gidaje na mutanensu, suna da rumfar ciyawa inda suke taruwa ran Lahadi. Ruwan tsakani ba shi da faɗi, da kanta take tuƙa ƙaramin kwalekwale ta haye, kai kana gaba kana wasa da ruwa. Ta dawo da azahar tana waƙa, da labarin wanda ya haihu da wanda ya yi faɗa da miji. Ban taɓa ɗaukar abin nan a bakin komai ba. A ganina fita ce irin ta mata.

Da aka ce ruwa zai cinye mu kowa ya tashi, mutanen Innarka aka mai da su wajen Warra. An ba mu dama mu bi su. Ni kuwa abokaina sun gaya mini wata tunga a ƙasar Shanga inda kifi ke fita, ga fasinja, ga fili iya ganinka. Na je na gani, na dawo ina yabo, kamar wani da na sani da hotunansa. Na tambayi Innarka don cika al'ada, ta ce, "Duk inda ka zaɓa ya yi, Malam."

Kada ka ɗauka mugun wuri na kai ta. Mutanen tungar nan ban taɓa zama da masu kirki irinsu ba. Sun karɓe ta, suna kiranta biki da suna, ba wanda ya taɓa yi mata gorin addini. Kifi ya fita kamar yadda aka ce, a can na sayi injina na farko. Sai dai ba Kirista ko ɗaya, coci mafi kusa sai an gangaro Yelwa, tafiyar da ba a yi da ƙaramin kwalekwale. Jirgi ɗaya gare ni, kuma Lahadi ce ranar da nake jigilar 'yan kasuwa. Da farko takan tambaya, in ce mako mai zuwa. Wata rana na gaji na ce mata, "Ke, Allah na ko'ina. Ki yi addu'arki a ɗaki mana." Ni a lokacin gani nake na faɗi maganar hikima. Ban tuna cewa ni kaina in na rasa jam'i sau ɗaya yini nake ina jin wani iri ba. Ba ta sake tambaya ba, ni kuma na ɗauka magana ta ƙare.

Ba ta yi yaji ba, ba ta rage mini gishiri a miya ba. Abu ɗaya ne ya sake. Innarka mace ce mai waƙa a bakin turmi, tun daga bakin ruwa nakan gane gidana da muryarta. A tungar nan sai na riƙa jin taɓarya kawai. Na lura, amma na ce girma ne ya zo mata.

Muna cikin shekara ta uku a can mahaifiyarta ta rasu. Labari bai same mu ba sai bayan an daɗe da binne ta, don babu wani nasu da ke biyowa ta wajenmu. Matan tunga suka cika gida, suka kawo abinci, suka yi mata ta'aziyya irin tamu, wasu har da hawaye. Ta yi musu godiya ɗaya bayan ɗaya. Da la'asar na neme ta ban gan ta ba, sai na same ta a bayan rumfar banda, zaune a kan turmi. Tana rera wata waƙa da suke yi in an yi musu mutuwa. Ta yi baitin farko ta tsaya, ta koma farko, ta zo wurin ta sake tsayawa. Na daɗe a tsaye tana ta yin haka. Da ta gan ni ta ce, "Malam, na mance baiti na biyu. Innata ta koya mini shi. Kuma duk garin ga babu wanda zan tambaya."

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta ce laifina ne ba. Haliru, na taɓa kifewa da jirgi a tsakiyar Kwara, amma ban ji abin da na ji a ranar ba. Ga ni mijinta, ina sonta, ina da jirgi da inji da kifi, amma abin da take nema ba ni da shi, kuma ni na ɗauke ta daga inda yake.

Da ruwa ya janye muka kwashe kaya muka dawo Yelwa. Abokaina suka ce na haukace, na bar wurin samu na zo inda masu jirgi suka fi fasinja yawa. Gaskiyarsu, mun sha wuya kafin mu miƙe. Gidan nan da ka girma a ciki, wanda kake cewa ɗakunansa kamar akurki, na zaɓe shi ne don abu biyu. Ana jin kiran salla daga tsakar gida, kuma mace na iya takawa zuwa coci ba ta yi gumi ba. Ba mu cika mako ba wata tsohuwa a bayan katangarmu, Iya Rifkatu, Allah Ya saka mata, ta ji Innarka na gunguni da waƙar nan tana shara. Da ta zo inda take tsayawa, sai tsohuwar ta ɗauka daga can bayan katanga ta ƙarasa mata. Innarka ta yar da tsintsiya ta fita ko mayafi babu. Ranar ba mu ci abincin rana ba sai da yamma, kuma ban yi ƙorafi ba.

Daga nan ne zamanmu ya yi daɗi, har yau da nake maka rubutu. Na gode wa Allah, ban san wani tsoho a unguwar nan da ya fi ni kwanciyar hankali ba. Abin da na gane shi ne miji komai ƙoƙarinsa mutum ɗaya ne, ba zai zama wa mace jama'a ba. Maryamu ta yi shekarun nan tana kunna kyandirorinta biyu ran Juma'a da magariba ita kaɗai, tana rufe ido da tafin hannu, babu wanda zai amsa mata. A nan ba yadda za ka yi, babu mutanenta. Can kuwa akwai su, in ka hana ta da gangan ka yi.

Na san abin da ke ranka wanda ba ka faɗa ba, don ni ma yana raina, kuma ba zan ɓoye ba. Ina son jikokina su tashi da salla. Kana tsoron in suka girma a cikin dangin uwarsu za su kuɓuce maka. To ka dubi kanka. Wa ke tashinka sahur kana yaro? Wa ke bin ka da bulala in ka gudu daga makarantar allo? Matar da ke zuwa coci ce. Ta yi haka ne don ba a ƙuntata mata nata ba, sai ta riƙe mana namu da hannu biyu. Yaro ba ya koyon addini da a ɓoye masa na wani, yana koyo ne da abin da ya ga ubansa na yi. Ka shimfiɗa dardumarka inda za su gan ka, ka riƙe hannun Dauda zuwa Juma'a ko da tafiyar da nisa, ka nemo musu malami, ka yi azumi da fara'a. Sauran ka bar wa Allah, shiriya ba a hannunka take ba.

In kun isa, kada ka sa hannu a takardar gida kai kaɗai. Malamai sun ce a nemi maƙwabci kafin gida. Ku je unguwar ku duka, ku tsaya a ƙofar gidan, ku taka zuwa wurin ibadarsu da ƙafa, Hannatu na tafe da kanta. In ta fara cewa a ɗauke ta kafin ku kai, gidan ya yi nisa, ku nemi wani, don an ce sanyin ƙasar ba ya wasa. Ka dubi ko akwai mahaucinsu kusa, tunda ita ma ba kowane yanka take ci ba, ka kuma tambayi inda naka yake. Ka shiga ka gai da dattawansu kamar yadda aka koya maka gaisuwa a gida. Ba zan yi maka ƙarya ba, ba duka za su yi murna da kai ba, wataƙila akwai mai irin fushin da na kai wa Liman. Kada ka duba yadda suka kalle ka, kai babba ne, za ka jure. Ka duba yadda suka kalli yaran. In ka ga wata tsohuwa ta sunkuya ta tambayi Hannatu sunanta, to wurin zai zaunu.

Kuma kada ka sake tambayar matarka a gaban mutane bayan ka gama yabon abin da kake so. Wannan ba shawara ba ce. Ka tambaye ta ku biyu, ka yi shiru, ka jira. In ta ce duk wanda ka zaɓa ya yi, ka sani ba ta ba ka amsa ba tukuna.

Innarka ta shigo yanzu ta tsaya a kaina, wai me nake rubutawa tun safe kamar mai ƙara a kotu. Na karanta mata. Da na zo wurin turmi ta ce, "Kai Malam, wanga tsohon zance mi ya kawo shi? Ka sa yaro ya ɗauka wahala nis sha." Na ce to in goge? Ta ce, "Bar shi. Amma ka rubuta mai cewa ka gyara, kuma ba kowa ka gyarawa ba." Ga shi na rubuta, da umarninta. Ta ce in gaya maka ta ɗaure wa Maryamu busasshiyar karfasa da kuka da daddawa, direba zai ba ku, in ma'aikatan jirgi sun hana shiga da su ku cinye kafin ku tashi. Ta ce kuma fili da ciyawa akuya ke nema, kai ko kaza ba ka da ita.

Gobe Lahadi. Ka san gwiwoyinta sun fara ba ta wahala, yanzu ni ke riƙe mata hannu har ƙofar coci, in zauna a gindin dalbejiya da tasbahata ina jira, masu wucewa na tsokanata wai Malam Garba ya kusa shiga. Da yawan zaman nan har na haddace waƙar, in ta mance yau ina iya tuna mata. Amma ni tsufa na yi kafin in iya, kuma a ranar da ta fi bukata ban iya ba. Iyayen Maryamu sun manyanta, wata rana labari zai zo mata kamar yadda ya zo wa Innarka. Ba na so ranar ta same ta a babban gida mai fili, kana tsaye a kanta da duk karatunka, ba ka san baiti na biyu ba. Ka kai ta inda wani zai ɗauka daga bayan katanga.

Allah Ya kiyaye tafiyarku da zamanku, Ya tsare ku daga sharrin hanya da sharrin baki, Ya raya mana Hannatu da Dauda, Ya ba ku maƙwabta nagari, Ya sa mu sake ganawa da rai da lafiya. Ka gaida ɗiyata, ka ce mata kifinta na nan a ware duk ranar da ta dawo. Allah Ya yi muku albarka.

Ni ne mahaifinka,
Garba Mai Jirgi.